Shuɗin Ganye a Matashin Mama

A kantin maganin da take aiki, Anti Gobe ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. A wurin aiki dai ba ta da wasa. Kafin mai saye ya gama lalubo takardar likita a aljihu, ta riga ta san maganin da ya kawo shi. Amma duk abin da yake nata ne na kanta, sai gobe. Agogon falonta za a kai gyara gobe, tafiyar motsa jiki ma gobe. Wajen fara abu kuwa ba a taɓa gaba da ita ba, ƙarasawa ce Allah bai hore mata ba.

Tun tana budurwa ta shiga ajin ɗinkin ado da ake yi ranar Asabar a wani ɗaki da ke saman shagon tela. Ana ba kowa ƙyalle mai tauri mai ƙananan ramuka, an zana hoto a kai, sai mutum ya riƙa bin ramukan da allura da zaren ulu har hoton ya cika. Malamar ajin doguwa ce mai tsadar murmushi, kuma ba ruwanta da gaban aiki. Tana karɓa sai ta juya bayansa. Dokarta ɗaya ce: ba a ƙulla zare.

"Ƙulli na masu ɗinke yagar wando ne," in ji ta. "A nan, jelar zare cusa ta ake yi ƙarƙashin 'yan'uwanta ta kwanta lafiya."

Anti Gobe ta shiga ajin ta fita, ta sake shiga ta sake fita, kuma kowace shiga da sabon ƙyallenta. Ta fara jirgin ruwa, ta tsaya a kan ruwan. Ta fara kyanwa, ta bar baiwar Allah da kunne ɗaya. Babban cikinsu shi ne kwandon furanni, wanda ta ɗauko da cika baki.

"Mama, wannan naki ne. Rigar matashi ce, ki riƙa jingina bayanki a kujerar nan."

Ta gama kwandon, ta gama jajayen furannin, saura ganye. Sai aure ya zo, sai haihuwa, sai aiki, jakar ɗinkin ta zauna a ƙasan durowar Mama. Mama ba ta taɓa tambaya ba. Iyaka in an yi baƙi sai ta ce, "'Yata tana yi mini matashi, ku dai bari a gama ku gani." In Anti Gobe na wurin, nan take take tuna ta bar ruwa a kan wuta.

Ana nan har babbar 'yar Anti Gobe ta fi uwar tsawo. Ran nan Anti Gobe ta raka Mama wurin likitan ido, ya haska, ya auna, ya ajiye fitilarsa. Bai ɓoye musu komai ba. Ganin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma yana kan hanya. Suna saukowa daga bene, Mama ta riƙe mata hannu gam tana laluben matakala da ƙafa, a nan kwandon furannin ya faɗo mata a rai. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta yi wa uwarta alkawarin abin kallo, ta yi ta ja har idon kallon zai ƙare. Suna isa gida, Mama ta kishingiɗa, ita kuma ta saɗaɗa ta ɗauke jakar ba ta gaya wa kowa ba.

Da ta baje ƙyallen a kan gadonta sai wata kunyar ta taso. Ashe akwai ganye a gefen hagu daga ƙasa, ita har ta manta ta taɓa su. To amma wane irin ganye! Layi ya karkace, an tsallake rami nan an maimaita can. Na farkon kore ne, na gaba ya fara rikiɗa, daga nan kuma sai shuɗi ƙiri-ƙiri. Ta juya baya, ta tarar da ƙulli rututu kamar an watsa tsakuwa.

"Innalillahi! Ashe haka hannuna ya munana?" ta ce ita kaɗai.

Ta tuna fuskar Malama, kunnuwanta suka ɗau zafi. Kunya ba ta bar ta ta tambayi kanta yaushe ta koyi ƙulla zare ba. Ta ɗauko ƙaramin almakashi ta bi ganyen nan ɗaya bayan ɗaya tana yanka tana tsincewa, ta dunƙule guntayen ta watsa a kwandon shara. Sai da wurin ya koma fari tas hankalinta ya kwanta.

Daga nan ta zage damtse. Don hannunta ya dawo, ta fara ba kyanwa kunnenta na biyu, sannan ta koma kan ganye. Tana yi a lokacin hutun rana, abinci na hucewa a gefe. Tana yi a mota, allura na sukar ta duk sanda aka faɗa rami. Maigidanta ya leƙo ya ce, "Ikon Allah! A sanar da 'yan kanti su nemo wani sunan." Ko kallo bai ishe ta ba. Ganye suka fito kore shar, layi a miƙe, bayan aikin kuwa sumul, ko Malama sai dai ta gyaɗa kai.

Ranar da ta gama, ba ta yarda ta biya wurin tela a sa masa baya ba, don ta san halinta. Ta naɗe shi ta nufi gida. Mama na zaune a kujerarta kusa da taga, Auta, ƙanwarta da ke zaune tare da Mama, tana ninke wanki.

"Mama, ga alkawari. Ya daɗe, ki yafe mini."

Mama ta kai ƙyallen dab da fuskarta, ta juya shi wajen haske. "Ja ne nan," ta ce tana murmushi. "Ina ganinsa. Allah ya yi miki albarka." Anti Gobe ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta.

Sai yatsun Mama suka gangara gefen hagu daga ƙasa, suka zagaya baya. Suka shafa, suka dawo, suka sake shafawa.

"'Yar nan, ina nawa?"

"Naki me, Mama?"

"Ganyena. Na nan gefen."

Auta ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Na ga hidima ta yi miki yawa," in ji Mama, "na ce bari in rage miki. In na ci abincin rana gida ya yi shiru, sai in ɗauko in yi kaɗan in mayar. Ƙullin nan da shi nake gane inda na tsaya. So na yi ranar da kika buɗe ki ce, a'a, ashe saura kaɗan."

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun kina goyon babbarki."

"Au, jakar da kika tayar da gidan nan a kanta ke nan?" in ji Auta. "Har kika ce ni na zubar? Yaya, ashe ke ce!"

Mama ba ta kula ta ba. Ta juyo da fuska wajen da take jin numfashin babbar 'yarta. "Ba su yi kyau ba ko? Kore nake ɗauka. Daga baya dai ban tabbata ba."

Anti Gobe ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta hau zazzage jaka tana neman almakashi.

"Bari in warware nawa, Mama. Zan zura miki zaren, ki sake yi, ina zaune kusa da ke."

Mama ta lalubo hannunta ta riƙe. "Kar ki kuskura. Yanzu ko ramin ba na gani."

A ranar Auta ta kai wa tela, aka sa masa baya, aka cusa auduga. Matashin yana nan a kujerar Mama. Jirgin ruwan ma Anti Gobe ta gama shi, ba wanda ya roƙe ta, sai dai ba ta rataye shi ko'ina ba. In an yi baƙi, Mama takan zaro matashin daga bayanta ta ɗora a cinya ta ce, "'Yata ce ta yi, ita kaɗai." Baƙi su yi ta yabo, babban yatsan Mama kuwa yana can gefen hagu daga ƙasa yana kai da komo. Anti Gobe takan tashi ta shige kicin, ta hau wanke kofunan da Auta ta riga ta wanke.