Baba Zan-dawo, mai mayar wa mutane maganarsu

Ƙarfe bakwai da rabi yake isowa sashenmu na nazarin siyasa da zamantakewa, tun masu shara ba su gama ba. Ba shi da ofis. Teburinsa yana ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ajiyar kundaye da wata taga da ta daina rufuwa. A nan yake zama ya ɗauko kundin binciken da wani ɗalibi ya kammala, mai shafi ɗari uku, ya sa yatsa yana bin layi, leɓɓansa suna motsi. Matse shi yake yi. Shafi ɗari uku na Turancin malamai sai ya koma shafi biyu da rubutun hannunsa, cikin maganar da kowa ke yi a gida.

In wata kalma ta tsaya masa, yakan tare duk malamin da ya zo wucewa. "Ranka ya daɗe, wannan da kuka rubuta, in kakarka ce ta tambaye ka, me za ka ce mata?" Na sha ganin farfesa ya tsaya yana sosa ƙeya.

A takardar ɗaukar aiki, shi tafinta ne kuma ɗan rakiya. Idan ɗalibi ko malami zai shiga unguwanni yin tambayoyi, shi ke shiga gaba, ya yi sallama, ya roƙi mutane su ba da lokacinsu. Iyakar aikinsa ke nan. Amma a shekararsa ta farko wani dattijo ya tare shi a bakin layi ya ce, "Ku kullum sai ku zo ku kwashi maganarmu ku tafi. Ina kuke kai ta?" Sai ya ce masa, "Zan dawo." Da aka gama binciken ya hau babur ɗinsa ya koma, ya tara su ya karanta musu abin da aka gano. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, ba wanda ya sa shi. Sunan kuwa ya bi shi har cikin jami'a.

Direban motar sashe ya fi kowa sanin labarinsa. Ya ba ni na wata rana a rumfar makanikai, da Baba ya je karanta musu bincike kan dalilin da ya sa matasa suka daina fita zaɓe. Kundin ya ce rashin wayewa ne. Wani makanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Baba, wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayuwa a layi awa shida, a ce masa sunansa ba ya ciki?" Aka yi ta musu har la'asar. Baba bai kare jami'a ba. Ya rubuta duk abin da suka faɗa, ya kawo wa farfesan da ya yi aikin, ya zauna masa a ƙofa kwana uku har ya karanta. Direba ya ce, "Wallahi ni na zaci korarsa za a yi. Sai ga shi an sake babin."

Kai ne, Baba, gadar da jami'a ba ta gina ba amma take takawa. Saboda kai ake buɗe mana ƙofofi a unguwannin da ba su ga dalilin yarda da mai riƙe da biro ba.

Ya taɓa yin kuskure, kuma da bakinsa yake faɗa wa kowane sabon ɗalibi. A kundi ba a rubuta sunan wanda ya yi magana, lamba ake ba shi, don kada a gane shi. An yi wani bincike kan yadda yaran kansila ke raba rumfunan kasuwa ga wanda suka ga dama. Baba ya je karantawa, sai ya kawo maganar mai lamba tara kalma da kalma, saboda ta yi masa daɗi. Ashe mutumin yana da wata rantsuwa da duk kasuwa ta san tasa ce. Kowa ya juya ya kalli wani tela. Ba a yi mako ba aka ɗage rumfarsa.

"Ni na nuna shi," in ji Baba. "Ban ambaci sunansa ba, amma ni na nuna shi."

Daga nan sashe ya kafa doka: ba a fitar da komai daga cikin bincike, ko da baki, sai kwamiti ya zauna ya sa hannu. Baba ya fi kowa riƙe wannan doka, don ya san shi ne sanadinta.

Shekara uku da suka wuce ya raka ni nawa binciken, a unguwar bayan layin dogo, inda mutane suka yi shekaru suna zaune ba su da takardar fili. Ina so in san yadda 'yan siyasa ke zuwa musu lokacin zaɓe da abin da ke biyo baya. Ni ba mai magana ba ce. Nakan riƙe takardar tambayoyi ina kallon ƙasa, shi yana yi. Mutum sittin da biyu suka amsa mana, kuma kowannensu sai da ya ji alkawarin dawowar nan daga bakin Baba.

A cikin aikin ne na ci karo da wata doka a ɗakin karatu na sashen shari'a. Ta ce mutanen da suka daɗe a wuri, idan suka haɗu suka shigar da sunayensu a hukumance kafin a manna musu takardar tashi, dole a saurare su, a duba yiwuwar ba su wani matsuguni. Cikin sittin da biyun, uku ne kawai suka taɓa jin akwai ta. Na nuna wa Baba. Ya karanta sau biyu, ya ce, "'Yata, wannan shafin ya fi duk sauran. Bari kwamiti ya sa hannu, ranar zan kai."

Kwamiti bai zauna ba. Da farko shugabansa ya yi tafiya. Da ya dawo, mutum biyu ba su zo ba, aka ɗage. Sai hutu. Sai aka ce malamin wata jami'a da zai duba kundin bai aiko da rahoto ba. Kowace Litinin Baba yana ƙofar sakataren kwamiti, har mutumin ya fara bi ta ƙofar baya. Ni sau uku na je, sau uku na ce gaisuwa na zo yi. Dukanmu mun ɗauka akwai lokaci.

A wata na goma sha ɗaya da gano dokar aka manna takardar tashi a unguwar. Bayan mako biyu katafila ta shiga. Kwamiti ya sa hannu a wata na goma sha huɗu, har da yabo a kan kyawun aikin.

Ranar da takardar izini ta fito na sami Baba a teburinsa bai buɗe komai ba. Ya ce, "Dokar ƙasa ce fa. Ba sirrin kowa ba ce, ba sunan kowa a ciki. Da na faɗa musu da baki kawai, da ya isa. Tsoron abin da ya sami tela ne ya ɗaure ni." Ni ma ina da baki, kuma na san hanya.

Na zaci shi ke nan. Washegari sai ga shi da shafi biyunsa da wani ƙaramin littafi. Ya ce zai nemo su. Unguwar ta zama fili, mutanenta sun watse cikin gari, wasu sun bar shi. Ya riƙa bin tashoshi da kasuwanni yana tambaya, yana rubuta kwatance: wance tana wurin ƙanwarta kusa da gidan mai, wane an gan shi yana dako. Babur ɗin ya mutu tuni, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. A ƙafa da motar haya yake yi, ranakun Asabar.

Na bi shi sau ɗaya, wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Inna mai wanki. Mun same ta a gidan surukinta, ɗaki ɗaya mutum bakwai, tana bakin ƙofa tana cuɗa kaya a baho.

"A'a! Wa nake gani? Zan-dawo! Ashe kana raye? Na ce ko kai ma katafila ta bi ta kanka."

"Ta gwada, Inna, ta ce na yi mata tauri."

"Tauri a ina? Dubi ƙafa kamar ta kaza. Zauna kafin ka faɗi a ce ni na ture ka. Ke kuma 'yar boko, har yanzu ba ki koyi magana ba?"

Ya zauna a kan bokitin da ta kife masa, ya nisanta takardar da idonsa, ya fara. Ya ce cikinsu sittin da biyu, hamsin da takwas sun jefa ƙuri'a a zaɓen da ya wuce. Hamsin da ɗaya sun ce an yi musu alkawarin takardar fili. Tana wanki tana cewa, "Haka ne. Har da rawa muka yi musu." Sai ya zo kan dokar.

Hannunta ya tsaya cikin ruwa. "Dakata. Maimaita."

Ya maimaita.

"Wato da mun haɗu mun kai sunayenmu, da an ba mu wani wurin?"

"Da dole a saurare ku, Inna. Ban ce lallai a ba ku ba."

"Yaushe kuka san haka?"

Yana iya kaucewa. Amma ya ce, "Wata goma sha ɗaya kafin a rushe."

Ta kalle shi, kumfa tana bushewa a hannunta. "To me ya kawo ka yanzu?"

"Maganarku ce. Ba ni da ikon riƙe ta."

"Da ka bar ni ban sani ba, Malam, da na fi samun barci."

Ta koma wankinta, ba ta ƙara ɗagowa ba. Sai da muka kai bakin zaure ta ɗaga murya: "Mai facin taya yana bayan tashar mota. Ka je ka faɗa masa shi ma. Kada ya zama ni kaɗai na sani."

Ya je. Mai faci ya zage shi a gaban mutane, Baba ya tsaya har ya gama, sannan ya tambaye shi ko ya san inda maƙwabcinsa ya koma.

Kai ne, Baba, ka ɗauki kunyar da ta kamata a raba mana mu duka, ka bi gari da ita gida-gida. Mu muka karɓi digiri, aka ɗauke mu hoto. Kai ake kallo a ido a tambaya yaushe muka sani. Na kuma ji daga direba cewa ka kai shafin dokar nan wasu unguwanni biyu da ke cikin irin wannan halin, ba ka jira hannun kowa ba. Ban sani ba ko za su haɗu su kai sunayensu. Ban sani ba ko za a saurare su in sun kai.

Juma'ar nan Baba zai yi ritaya. An sanar da mu ba za a ɗauki wani a gurbinsa ba. Daga yanzu za a riƙa sa sakamakon bincike a shafin intanet na jami'a, inda kowa zai iya gani, in ji takardar. Na yi ƙoƙarin hango Inna mai wanki tana buɗe shafin, na kasa. Teburinsa kuma an ce za a ɗauke, don a faɗaɗa hanya.

Ba zan yi ƙarya in ce aikinsa ya gyara gari ba. Rumfunan kasuwa har yau a hannun yaran kansila suke. Makanikai ba su koma layin zaɓe ba. Abin da ya yi shi ne ya hana mu zama masu kwasa kawai, kuma shi kaɗai ya yi, shekara talatin da ɗaya, ba mu koya ba.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta maka gwiwar nan. Ka yafe mana, mu da muka bar ka kana shiga gaba.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya taɓa zama a tabarmar wani ya cika takarda da maganarsa, ya koma ya faɗa masa abin da ya gano, tun yana da amfani. Idan abin da ka gano zai iya tsare wa mutum rufin ɗakinsa, kuma ba zai tona asirin kowa ba, kada ka yi shiru kamar yadda na yi.

Cikin sittin da biyun, goma sha tara Baba ya samu. Saura arba'in da uku. Jiya ya ajiye ƙaramin littafin kwatancen a gabana, ya koma kan kujerarsa. Ta farko a jerin wata mai kitso ce, an ce tana wajen gari, bayan masana'antar bulo. Ban san da wace kalma zan fara mata ba, kuma na san abin da za ta tambaye ni. Asabar ƙarfe takwas ina bakin ƙofar sashe. In akwai mai zuwa, ya zo.