Kafur a Akwatin Inna

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce maƙwabciyarmu mayya ce ba. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi, a yi rigima a gama. Abin da take yi kawai, in matar ta yi sallama alhali akwai jariri namiji a ɗaki, sai ta saki labule ta ce yana barci, ko da kukansa na kaiwa bakin titi.

Matar 'yar Rijau ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Kontagora. Mama muke ce mata. A da ita da Inna ba a jin kansu: tuwon Sallah ya haura can, shinkafar Kirsimeti ta hauro nan. Hannunta ya iya wankan jarirai, ni da yayata duk ita ta fara wanke mu. Ita ce kuma ta wanke ƙanena, namiji tilo da Inna ta haifa, wanda idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ya rasu ba a kai ga suna ba. Aka ce shawara ce, aka yi haƙuri. Shekaru suka ja, yayata ta zo gida haihuwar fari, ta sami namiji, Mama ta wanke shi, shi ma ya yi ɗorawa. Ya rayu, amma har yau ba ya ji. 'Ya'ya matan da suka biyo bayansa kuwa garau.

Daga nan Inna ta shiga saƙa da warwara. Mata lafiya, maza ciwo. Ita kuma Mama 'ya'yanta duk mata ne. Ruwa dai ba ya tsami banza, in ji Inna, ta tsuke baki. Ni ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata ba. Zargi a jinina yake. Ko mai nono daga Bobi ta cika mini gyara, sai na shinshina ƙwaryar.

Da na zo gida tawa haihuwar, Allah ya ba ni namiji, Inna ta ɗaura ɗamara. Ta sa aka rufe ƙofar zaure, ta hana a kai wa Mama labari, ta yi wankan da kanta. Sannan ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda take adana huluna da zannuwan goyo tun na kakarmu. Tsakanin kowane ninki akwai ƙwayoyin kafur farare, don asu da kyankyaso. A gidanmu wannan ƙamshin shi ne ƙamshin jariri. Ta naɗe jikanta tsaf, ta ce wannan karon ta ga ta inda za a biyo.

Kafin suna idon yaron ya sauya. Ya daina kama nono, jikinsa ya saki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce, "Inna, ai ko ganinsa ba ta yi ba."

"Katanga tana tare kuka ne?" in ji Inna.

Tana cikin haɗa jiƙo mijina ya iso daga Nasko, inda yake koyarwa. Ya duba idon yaron, ya gaida surukarsa cikin ladabi, ya tari mota muka nufi asibiti. Inna ta biyo mu don kada a ce ba ta zo ba.

Likitar mace ce. Ta buɗe idon yaron, ta danna fatarsa, sai na ga ta cire hularsa ta kai hanci. Ta ce a tuɓe masa komai, kada a sake mayar masa. Suka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, suka ɗebi jininsa. Ta tambaye ni ko akwai wani namiji a dangin uwata da ya yi irin wannan. Na faɗa mata biyu. A raina na ce, to, ita ma ta sami wanda za ta ɗora wa.

Ta yi mana bayani a hankali. Akwai wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, wasu ana haifarsu da ƙarancinsa. Lafiyarsu ƙalau har sai sun shaƙi kafur ko sun sha wasu magunguna, sai jinin ya farfashe, shawara ta taso. Ta wajen uwa ake gadonsa, kuma maza ya fi kamawa.

Inna ta gyara mayafi. "Likita, a danginmu babu wannan. Mu asalinmu daga gabas muke, kakanninmu da littattafansu suka zo ƙasar nan." Wannan labarin gabas ɗin tun muna yara muke shan sa, duk da cewa kaka mafi nisa da Inna ta iya kiran sunansa a Yawuri aka binne shi.

"Hajiya, ko a ƙasar Larabawa akwai shi da yawa," in ji likitar. Ta ce duk al'ummar da kakanninta suka daɗe suna fama da sauro za a same shi a cikinta, domin masu wannan ƙarancin zazzaɓin cizon sauro bai cika kayar da su ba. Su suka rayu suka hayayyafa, kuma duk inda suka yi ƙaura da abinsu suka tafi, ana aure ana cuɗanya. Ƙasashen da ba su san wannan zazzaɓi ba, ba su cika ganinsa ba.

Ban saki jiki da maganarta ba sai da na ja wata nas gefe na sake tambaya, sai da gwajin jinin ya nuna haka, sai kuma da na ga idon ɗana yana washewa babu jiƙo babu turare.

Ranar da aka sallame mu, muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce kasuwa. Can Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙanenki ma da wannan hular da likita ta cire na rufe masa kai." Tausayinta ya cika ni.

Muna isa gida ta zazzage akwatin a tsakar gida, ta tsince kafur ɗin ta zuba a masai. Ta naɗe yaron a sabon zani, ta ce in biyo ta. Muka zaga muka yi sallama a gidan Mama. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa fiye da yadda nake tsammani. Ta amsa da fara'a, ta ba mu tabarma, ta yi mini barka, ta ce ta ji mun kwana biyu a asibiti, ta sa mu a addu'a.

Inna ta durƙusa ta miƙa mata jaririn. "Ga jikanki, ƙawata. Karɓe shi."

Mama ta leƙa fuskarsa, ta daɗe tana kallo, ta ce tubarkalla, ya yi kama da ubansa. Sannan ta mayar da hannuwanta cikin kwanon gyaɗa.

"Riƙe abinki, Hajiya," ta ce. "Ina ganinsa daga nan. Na saba."