Taku Na Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida na yi ina shugabantar makarantar da ke ƙarshen layin kafintoci, kuma a duk tsawon lokacin mutum ɗaya ne yake gyara mana teburan ɗalibai. Laƙabin da kowa ke kiransa da shi, har maiɗakinsa idan ba ya nan, shi ne Diddige. Gajere ne, mai faɗin tafin ƙafa, ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili, fensir kuwa ba ya barin bayan kunnensa ko a sahun salla.

Kafintocin layin sun gaji wata rawa daga iyayen gidansu. Idan aka kammala aikin katako wanda jama'a za su hau, ba a buɗe shi sai liman ya yi addu'a, sannan babban kafinta ya tuɓe takalmi ya taka rawar daga wannan kusurwa zuwa waccan, taku arba'in cif. Makaɗi ɗaya ne, kuma sharaɗin gangarsa shi ne kada ta danne ƙarar ƙafa. Muddin rawar ba ta kai arba'in ba, wurin bai buɗu ba, ko da an yanka ƙyalle an tafa.

Mata sun ce rawar tana kore bakin mutane. Dattawa sun ce godiya ce. Da liman ya kira Diddige ya tambaye shi ainihin abin da yake nema da wannan tsalle-tsalle bayan an shafa addu'a, sai ya ce, "Malam, addu'arka sama take tafiya, rawata ƙasa take dubawa. Katakon da aka yi wa adalci, amsawarsa daban. Wanda aka cuta kuwa, ta diddigena yake kawo ƙara." Liman ya ce bai ga aibu a duba ƙasa ba, tunda shi ma a kanta zai tsaya.

A shekarata ta ƙarshe a aiki muka gina ɗakin taro, aka ba wani matashin kafinta aikin dandamalin. Wannan matashi shi ne mijin Auta, 'yar Diddige ta ƙarshe, kuma wannan ne aikinsa na farko da sunan kansa. Kowa a layin ya san abin da ke gabansa: idan rawa ta kai arba'in, ya zama kafinta, idan ta tsaya a hanya, ko benci ba wanda zai sake ba shi.

Maiɗakin Diddige ce ta faɗa mini daga baya yadda suka yi da safen ranar.

"Malam, yau dai ka yi rawar nan da ƙafa, ka bar kunnen a gida."

"Kunnen a jikin kai yake."

"To ka bar kan ma, ba wanda zai lura. Mijin 'yarka ne fa."

Ɗakin ya cika maƙil. Ɗalibai sittin masu rera waƙar makaranta suna jere a gefe, suna jiran a gama su hau. Liman ya yi addu'a, makaɗi ya ɗauko, Diddige ya taka cikin babbar rigarsa. Ina ƙirga takun kamar yadda na saba. A na goma sha bakwai ya tsaya cak. Ya koma na sha shida, ya sake takowa, ya sake tsayawa.

"Baba, ci gaba mana, kiɗa bai tsaya ba," in ji Auta daga sahun gaba.

Shugaban kwamitin gini ya lallaɓa bakin dandamalin ya ce a hankali, "Ka ce gwiwa ce ta riƙe, wani ya ƙarasa."

"Gwiwata lafiya lau, na gode," in ji Diddige da ƙarfi. Sai ya juya ga surukinsa. "Katakon da ke tallafe da nan, guda ɗaya ne ko haɗi?"

"Guda ɗaya ne, Baba."

Diddige ya ɗaga ƙafa ya sake bugawa sau ɗaya, wurin ya amsa kamar an ƙwanƙwasa akwatin da ba kome a ciki.

"Haɗi ne, Baba. Dogon ya ƙare ranar Laraba."

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Diddige ya tuɓe rigarsa ya linke, ya miƙa wa liman ya riƙe masa, ya aika shagonsa aka ɗauko dogon katako. Da aka ɓamɓare saman, mahaɗin ya riga ya fara buɗewa, yatsa biyu na shiga. Abin da ya ba kafintocin layin mamaki shi ne Diddige bai taɓa guduma ba. Surukin ne ya auna, ya yanka, ya buga. Diddige kuwa, wanda rabonsa da riƙe wa wani katako shekara arba'in, ya durƙusa yana miƙa ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci minti arba'in da bakwai a agogona.

Da aka rufe, makaɗi ya gyara ganga, kowa ya zuba wa Diddige ido. Shi kuwa sai ya karɓi rigarsa ya sa takalmi.

"Tuɓe naka," ya ce wa surukin.

"Baba, ban iya ba."

"Na sani. Amma kai ka san abin da ke ƙarƙashin nan. Fara daga sha bakwai."

Ban taɓa ganin rawa marar fasali irin wadda aka yi a ranar ba. Yana takawa kamar mai kashe kunama, kansa a karkace yana sauraro. Ya kai arba'in. A ƙa'idar layin, wanda ya cika arba'in babban kafinta ne, kuma ba a sami wanda ya tashi ya yi musu ba. Ɗalibai sittin suka hau suka rera waƙarsu, suka sauka su sittin.

Auta ta yi mako uku ba ta je gaishe da mahaifinta ba. A na huɗu ta je, ta kai masa fensir dozin guda, ba ta kuwa ambaci dandamali ba.

Yanzu surukin ne ke jan rawar, Diddige yana zaune a kujerar gaba. Rawar ba ta ƙara kyau ba. Sai dai duk inda surukin ya je, idan ya kai taku na goma sha bakwai sai ya buga sau biyu, matasan layin kuma sun ɗauki salon, suna cewa girmama manya ne. Na tambayi Diddige ko ba zai gyara musu ba.

"Me zan gyara?" in ji shi. "Ni ne manyan."