Habila Mai Renon Fure a Kwalba

Da safe Malam Habila ba ya ba kowa hannu. Daga nesa zai gaishe ka, ya shige ɗakin renon tsirrai na ma'aikatar gona a Funtua, ya wanke hannu har gwiwa, ya dafa kwalabensa a tukunyar turiri. Tun ƙarshen shekarun saba'in aikinsa ke nan: ya yanko ɗan toho da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ɗora shi cikin kwalba a kan wani abu mai kama da kokon da ya kwana, ya ɗiga sinadarin da ke sa tsiro ya yi reshe, daga baya wanda ke sa shi ya yi saiwa. A ƙasar auduga da masara, mai renon fure abin tsokana ne. "Malam, yaushe za mu ci tuwon furen?" in ji manoma. Bana zai yi ritaya, bai taɓa ba su amsa ba.

Wata rana Salome, wata dattijuwa daga Malumfashi, ta zo masa da damuwa. Gara ta cinye gindin furen wardin da marigayi mijinta ya dasa, saura reshe biyu masu rai. Habila ya je ya yanko ɗaya. Abokin aikinsa Maiwada, manomi gaba da baya, ya ga ɗigon sinadarin ya yi kaɗan, sai ya ƙara da zuciya ɗaya, yadda ake ƙara wa masara taki. Tohon ya kumbura ya zama dunƙule, ba saiwa, ba ganye.

Habila bai yi faɗa ba. Ya hau mota ya koma Malumfashi.

"Inna, na farko ya lalace a hannunmu. In na yanki wannan ya ƙi, shi ke nan."

Salome ta nuna masa reshen. "Ko an bar shi mutuwa zai yi, ɗana. Yanka."

Malam Habila, wannan karon kai ne ka auna sinadarin da kanka, ka tsai da Maiwada kusa da kai ya gani. Kai ne ka yi ta jira har damina ta wuce kafin saiwa ta leƙo. Maƙwabtan Salome sun shaida ranar da ka kai mata dashen. Hannu ta miƙa a ba ta fartanya don ta dasa da kanta.

Mun gode, Malam Habila. Sauran ma'aikata kuma, in amanar wani ta lalace a hannunku, ku taka ku je ku faɗa masa da bakinku.