Wayar da Injiniya Ya Yar

Injiniya ake ce masa, ko da yake ko injin niƙa bai taɓa kwancewa ba. Shafukan intanet yake gina wa 'yan kasuwa, a wani ɗaki da ke saman shagon gyaran takalma, inda warin gam ke biyo matakala. Shekara tara yana aiki da manhajar da ake biya duk shekara, kuma baƙo ba ya gama zama bai ji wannan labari ba. "Araha ba ta ado," in ji shi, yana shafa ƙaton allon kwamfutarsa.

Shi ya koya wa ƙanwarsa Auta aikin. Ya ba ta teburin bakin taga da tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, wadda ya gaji da ita. Manhajarsa ta mutum ɗaya ce, don haka Auta ta sauke ta kyauta, wadda ba ta da hotuna masu juyawa ko rubutu mai shigowa yana rangaji. Akwai wata ɗabi'arta da ke ba shi dariya: duk shafin da ta gama, sai ta sauka bakin titi ta buɗe shi a tsohuwar wayar nan, tana tsaye cikin rana kamar mai jiran mota.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Mai gidan burodi ya hawo, ya gaishe shi da girmamawa, ya wuce wurin Auta a teburin taga. Bayansa tela, bayan tela mai sayar da tayoyi. Kishi ya kama Injiniya, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon shayinsa. Ya koma leƙen allonta ta wutsiyar ido yana neman aibu. A gida ya ce wa matarsa mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba. Ta ce, "Ai ɗan hakin da ka raina," ta bar shi ya ƙarasa da kansa.

Kafinta kaɗai ya rage masa, wanda ya fara ba shi aiki tun ba shi da kujerar baƙi. Don kada shi ma ya kufce, Injiniya ya zuba masa duk abin da manhajar ta iya: gadaje na juyawa, ƙofofin kabad na buɗe kansu. A ƙaton allo, abin gwanin sha'awa.

Ran nan Kafinta ya hawo da garin katako a hannun riga, ya ajiye wayarsa a tebur.

"Injiniya, buɗe min shafina."

Injiniya ya danna. Wata 'yar da'ira ta kama juyawa. Suka zuba mata ido, ita kuwa ko a jikinta.

Kafinta ya ce, "Haka muka tsaya jiya da wata mai neman kujeru. Har ta ce ta bar tukunya a wuta. Ba ta dawo ba."

"Laifin wayarka ne, ba na shafin ba."

"To ai masu sayen kujeruna irin wayata gare su. Kada ka ji haushi, ko ƙanwar taka za ta duba min?"

Auta ba ta ɗago kai ba. "Aikin Yaya ne. Ba zan taɓa ba sai ya ce."

Wannan ladabin ya fi komai ƙona masa rai. Da ma ta yi rawar kai, da ya samu abin riƙewa.

Kafinta ya ba shi kwana uku, ya sauka. Daga ƙasa ana jiyo bugun gudumar mai takalma. Injiniya ya daɗe yana kallon gadajen nan suna ta juyawa a allonsa. Can ya miƙa hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Auta, ara min wayar nan."

"Wacce, Yaya?"

"Kin san wacce."

Ta ɗora masa ita a tafin hannu. Yana bakin matakala ta ce a hankali, "Ka tsaya kusa da sandar fitila. Can sabis ya fi rauni."

Ya sauka, ya nemi sandar fitilar, ya tsaya cikin rana.