Tsinken Ashana a Littafin Inna

Mai Agogo ya kai shekara hamsin da huɗu bai taɓa karanta sura guda ta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe ba. Coci yana zuwa, amma bencin baya ne wurinsa, wa'azi na yin tsawo zai lumshe ido. A aji shida ya ajiye makaranta, ya bi wani tsoho ya koyi gyaran agogo. Teburinsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da caja. Tun da waya ta shiga hannun kowa aikin ya koma canjin batir da maɗauri, duk da haka ƙarfe takwas na bugawa yana wurin, gilashi maƙale a ido ɗaya.

Karatu na yayansa ne. Akawu ake ce masa, don shekara talatin ya yi yana rubutu a ofis kafin ya yi ritaya. Gida ɗaya suke: Akawu a dama, Mai Agogo a hagu, ɗakin mahaifiyarsu a tsakiya.

Ranar da Inna ta rasu Akawu ba ya gari. Da safe ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi. Mai Agogo ya ce bari ya je ya miƙa wa wani mutum agogonsa, ya dawo ya kai ta asibiti. Bai dawo ba sai da rana ta take. A cikin mota ta cika. Da aka dawo daga maƙabarta, a gaban dangi, Akawu ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ka bar ta ta mutu." Maganar nan ta tsaya wa Mai Agogo a rai. Ba abin da yake nema kamar ya ji yayan nasa ya janye ta.

Gaisuwa ta yanke a tsakaninsu. Da aka zo raba kayan Inna, kowa ya kama Littafinta mai manyan baƙaƙe ya ce nasa ne.

"Me za ka yi da shi? Matashin kai?" in ji Akawu.

Gwaggonsu ce ta raba su. Ta ce Littafi ya zauna a ɗakin mai shi, kan teburin bakin taga, wanda ya fita da shi ba ta yafe ba.

Kullum da safe Mai Agogo kan shiga ɗakin ya wana agogon bangon Inna. Wata safiya ya tarar da Littafin a rufe, kan tsinken ashana ya leƙo daga ciki. Ya buɗe. An kwantar da tsinken daidai ƙarƙashin wata aya. Ya maƙala gilashinsa ya bi baƙaƙen da yatsa. Labarin waɗanda suka ga mutum kwance jina-jina a hanya ne, suka ratse suka wuce.

Ranar ko batir ɗaya bai iya sawa daidai ba.

Ya ƙudura sai ya rama, amma bai san inda ake samun komai a ciki ba, kuma kunya ta hana shi tambayar fasto. Sai ya shiga laluben kansa. Ya riƙa shigowa tun ƙarfe shida, ya zauna a kujerar Inna, yana karatu yana motsa leɓe. Kwana tara ya yi kafin ya ci karo da labarin wani babban wa mai ƙunci, wanda ya tsaya a waje yana huci ya ƙi shiga gida. Ya kwantar da tsinken a nan, ya tafi aiki yana fito.

Da yamma Akawu ya shiga. Washegari tsinken na kan ɗan da ke wulaƙanta uwarsa.

Haka aka yi ta yi fiye da shekara. Ba sa magana, in sun haɗu a ƙofa kowa ya tsuke baki ya wuce. Akawu na jifa a rana ɗaya, shi kuwa sai ya yi mako yana tono. Masu shaidar zur, masu girman kai, masu dogon addu'a don a gani, duk ya zaƙulo su. Mai gyaran takalmi ya ce masa, "Kai da ka ce rubutu na sa ka ciwon kai, yanzu har takardar ƙunshe ƙusa sai ka karanta."

Sai tsinken ya fara sauka a wuraren da ya rasa gane kansu. Yau a jerin sunaye, wane ya haifi wane. Gobe a awon labulen alfarwa, kamu kaza tsawo, kamu kaza faɗi. Mai Agogo ya tabbata akwai zagi a ciki, irin na masu boko, wanda aka yi don a nuna masa jahilcinsa. Ya karanta surar, ya karanta ta baya da ta gaba, ya sake. Wata biyu yana haƙa bai samo zagin ba.

Ran wata Talata ya rufe tebur da wuri, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Akawu na ciki, ya juya baya. Ya shafa tebur har hannunsa ya taɓa Littafin, ya buɗe inda ya buɗu, ya ajiye tsinken, ya rufe. Ko sunkuyawa bai yi ba. Littafin ma kansa a ƙasa yake.

"Yaya."

Akawu ya juyo, ya kalli gefen ƙofa, ba inda ƙanen yake ba. Yanar ido ta rufe idanun biyu, fari fat kamar an ɗiga madara.

"Tun yaushe?"

"Ina ruwanka? Ko nan ma sai ka je ka ba wani agogonsa tukuna?"

Mai Agogo ya tako cikin ɗakin. Ya fizge Littafin. Akwai wurin da ya tanada tun makon jiya, mai zafi, kan bakin da ke sara kamar takobi. Yanzu ba mai iya rama masa. Ya buɗe, ya karanta da ƙarfi, yana danna kowace kalma.

Akawu ya saurara har ya kai aya. Sannan ya ce, "Ka tsaya da wuri. Ci gaba, ayar da ke ƙasanta taka ce."

Mai Agogo ya duba. Tasa ce kuwa. Ya mayar da Littafin kan tebur.

"Wata biyu ka sa ni karatun labule," in ji shi.

"Ya yi maka. Da ko sunanka sai ka yi tuntuɓe."

"Ka janye abin da ka faɗa ranar jana'iza."

"Ban janye ba."

"To wa zai karanta maka?"

Akawu ya lalubi gefen gadon Inna ya zauna. "In za ka karanta, daga shafin farko. Sura ɗaya kullum, a jere. Ba zaɓe. Ban yarda da hannunka ba."

"Ni ma ban yarda da naka ba."

Wata bakwai ke nan. Ƙarfe shida Mai Agogo zai wana agogon bango, ya ƙwanƙwasa bangon dama sau biyu, Akawu ya shigo da sanda. In karatu ya biyo ta kan ɗayansu, ɗayan ya yi gyaran murya. Mai Agogo ne ya kai shi asibitin ido, tun kafin a buɗe ƙofa suna layi, an ba su ranar yin aikin idon.

Akawu bai janye maganar ba. Kowace safiya in an rufe Littafi, Mai Agogo kan ɗan jira, ko yau ce. Akawu ya miƙe ya ce, "Ka sa tsinken inda muka tsaya, kada ka yi min coge."