Shafa'i da Wutirin Balkisu

Har gobe ba na mantawa da wata Asabar cikin watan azumi, lokacin ina koyar da lissafi a wata cibiya a unguwar New Bell, inda muke shirya masu jarrabawar neman gurbin karatu a waje.

Ku sababbin malamai kun san nau'in tambayar nan mai wahalar da ɗalibai. Ba amsa ake nema ba. A ba ka tambaya da bayanai biyu, kai dai ka faɗi ko bayanin ya isa a yanke hukunci.

Ɗalibata Balkisu ma'aikaciya ce a wani kamfani a unguwar Bonabéri. Kanta na ja, sai dai taurin kai, ba ta barin tambaya sai ta ga ƙarshen lamba, lokaci ya ƙare mata. Ta faɗi jarrabawar a baya, kuma daga wannan karon shekarunta sun wuce na tallafin karatun.

Na rubuta a allo: shin lambar nan mara ce, wato idan an raba ta biyu-biyu ɗaya zai yi saura? Bayani na farko: an ninka wata cikakkiyar lamba sau biyu, an ƙara ɗaya, aka same ta. Na biyu: ta haura goma.

Ta ce, "Malam, c'est impossible, ba zai yiwu ba. Ba mu san lambar da aka ninka ba."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ga azumi. A banza. Har na fara tsara yadda zan lallashe ta idan ta sake faɗuwa.

Can ta ajiye biro. "Tsaya, Malam. Masallacin Babana raka'a ashirin suke tarawihi. Na 'yan kasuwar da suka zo daga Najeriya kwanan nan, takwas. Kullum ana musu a gidanmu. Amma kowa biyu-biyu yake yi, ya yi shafa'i, ya rufe da wutiri guda. To ko nawa mutum ya yi, jimillar mara ce! Bayani na farko ya isa. Na biyu bai gaya mini komai ba."

Abin da nake ta fama da alli a kai, ashe tun tana yarinya take tsayuwa a cikinsa.

Ta ci jarrabawar. Tun daga ranar, kafin in ɗauki alli nakan fara tambayar ɗalibi daga wane gida ya fito, don sau da yawa da darasin yake zuwa, suna kawai nake sa masa.